Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limamai, fastoci da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa a Birtaniya kan 'yan'uwanmu masu jiran sakamakon bitar PIP

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, fastoci, shugabannin ƙungiyoyi da iyaye mata masu riƙe da zumunci, muna gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Allah ya saka da alheri.

Mu 'ya'yanku ne da ƙannenku masu aikin ba da shawara kan tallafin naƙasa da lafiyar ƙwaƙwalwa a wannan ƙasa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani ciwo ne da ke cin mutanenmu a ɓoye, daga Landan har Manchesta da Bamingham: zullumin da mai karɓar tallafin PIP, wato kuɗin da gwamnati ke ba mai naƙasa ko doguwar larura, yake shiga tun daga ranar da takardar bita, wato ta sake duba cancantarsa, ta iso har ranar da hukunci ya fito. Tsakanin nan watanni ne, wani lokaci har shekara. Mutum yana sahu ɗaya da ku ranar Juma'a, ko benci ɗaya ranar Lahadi, kun gaisa ya ce lafiya lau, alhali rabonsa da barcin kirki tun ranar da ambulan mai ruwan ƙasa ya faɗo ta ramin ƙofarsa. Wani ya ɗauke shi ya tura ƙarƙashin darduma. Wata ta ɗora a kan firij, duk sanda ta zo ɗaukar madara gabanta ya faɗi. Kwanakin da aka ɗiba musu kuwa suna ta tafiya.

Wannan fargaba ƙafa biyu gare ta: rashin sanin yadda abin yake gudana, da zaman kaɗaici da kunya ke jawowa. Duka biyun kuna da ikon karya su fiye da mu, domin ku ake jin maganarku, ku ne ake buɗe wa ƙofa.

Kada a ɗauki ambulan da ba a buɗe ba ƙaramin abu. A watan Yunin 2018 aka tsinci gawar Errol Graham, ɗan shekara 57, a ɗakinsa a Nottingham, yunwa ta kashe shi. Yana fama da matsananciyar larurar ƙwaƙwalwa, bai je tantancewa ba, bai amsa wasiƙu ba, sai aka yanke masa tallafin ESA, wanda ake ba wanda larura ta hana aiki, watanni takwas kafin a gano shi. Tallafinsa ba PIP ba ne, amma hanyar ɗaya ce: wasiƙa ta zo, tsoro ya hana buɗewa, babu wanda ya leƙo.

Ga abin da muke roƙon ku faɗa wa jama'a da bakinku. Zuwan fom ɗin bita, wanda lambarsa AR1, ba tuhuma ba ce kuma ba alamar wani ya kai ƙara ba. Yawancin masu PIP ana ba su ne na wani wa'adi, kuma ma'aikatar ayyuka da fansho, wato DWP, tana aiko da fom ɗin kafin wa'adin ya cika. Kuɗin yana ci gaba da shiga asusu duk mako huɗu har sai an yanke hukunci. In wa'adin ya kusa ƙarewa ba a gama bitar ba, sukan tsawaita shi su aiko da takarda, kuma a adana wannan takarda domin da ita ake sabunta katin ajiye mota na naƙasassu, wato Blue Badge. In ma an rage a ƙarshe, galibi ragin yana farawa ne daga lokacin hukuncin, ba a bin mutum bashin abin da ya karɓa yana jira, muddin bai ɓoye wani canji da ya wajaba ya sanar ba. Da yawa cikin masu kwana ido biyu ba su san waɗannan ba. Inda ake tuntuɓe shi ne wanda aka ba gajeren wa'adi ba tare da ranar bita ba, kamar yadda yakan faru da wasu hukunce-hukuncen kotu. Shi sabuwar buƙata zai shigar kafin wa'adin ya ƙare, in ya zauna jiran fom kuɗin zai tsaya. A ɗauko takardar hukuncin farko a karanta masa.

Fom ɗin wata ɗaya ake bayarwa a mayar da shi, kuma ranar ƙarshe tana rubuce a wasiƙar. Samun ganin mai ba da shawara a Citizens Advice ko wata cibiyar lauyoyin unguwa yakan ɗauki makonni, saboda haka a ranar da aka buɗe ambulan a kira 0800 121 4433 a nemi ƙarin lokaci. Yawanci sukan ƙara mako biyu. A rubuta ranar kiran, da sa'a, da sunan wanda ya amsa. Wanda waya ke tayar masa da hankali, wani ya zauna kusa da shi ya yi magana a madadinsa bayan ya amsa tambayoyin tabbatar da cewa shi ne.

Yanzu ga inda muka fi son ku tsaya ku saurare mu, domin a nan ne tarbiyyarmu mai kyau take cutar da mu. An raine mu a kan cewa in an tambayi mai jinya ya jiki, sai ya ce da sauƙi, alhamdulillahi, ko da numfashinsa da ƙyar yake fita. Wannan ladabi ne tsakaninsa da Ubangijinsa da kuma mai gaishe shi. Amma fom da mai tantancewa ba gaisuwa suke yi ba. Duk abin da ka faɗa shi za a rubuta, a kan shi za a ba da maki. PIP ba ya duba sunan cutar, yana duba yadda take hana ka ayyuka goma sha biyu: goma na rayuwar yau da kullum, irin su girki, cin abinci, shan magani, wanka, shiga bayi, sa tufafi, magana, karatu, cuɗanya da mutane da sarrafa kuɗi, sai biyu na zirga-zirga. Maki 8 ke ba da ƙaramin mataki, 12 ke ba da babba, kowane ɓangare da lissafinsa. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, ɓangaren rayuwar yau da kullum fam 73.90 ne ko 110.40 a mako, na zirga-zirga fam 29.20 ko 77.05. Kalma ɗaya ta kawaici tana iya zubar da maki biyu, maki biyu kuma su ne tsakanin samu da rashi.

Doka ba ta tambayar ko ka taɓa iyawa. Tana tambayar ko kana iyawa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a duk lokacin da buƙata ta taso, kuma cikin lokacin da bai wuce ninki biyu na mai lafiya ba. Sannan ana duba abin da ke faruwa a fiye da rabin kwanakin shekara. Ku ɗauki mai sikila, cutar da babu zuri'ar da ba ta san ta ba a cikinmu. Ranar da jiki ya sake shi, zai yi wanka ya tafi kanti da ƙafarsa. Amma in kwana huɗu cikin bakwai ciwon ƙashi da kasala ba sa barinsa ya ɗaga ƙafa ya shiga bahon wanka sai an riƙe shi, to amsar gaskiya ita ce yana buƙatar taimako, kuma wannan kaɗai maki 3 ne. Dattijuwar da ke zama a kujera ta yi wanka, ta zauna a kujera ta yanka albasa, ta kama ƙarfen bango kafin ta tashi daga masai, ta sa safa da abin jan safa, ta tara maki biyu sau huɗu, wato 8, amma sai ka ji ta ce ai ina yin komai da kaina. Magidanci kuma a tambaye shi girki ya ce matata ke yi, a rubuta masa sifili. Ba a tambaye shi wa ke girki a gidansa ba. Tambayar ita ce, da zai tsaya ya fere dankali, ya yanka, ya dafa abincin mutum ɗaya, zai iya? In hannunsa na rawa har wuƙa ta taɓa yankarsa, ko yana mantawa da tukunya a kan wuta, wannan ne abin faɗa. Haka ma tafiya: iyakokin da ake aunawa su ne mita 20, mita 50 da mita 200, don haka kada a ce ina ɗan taɓawa. A auna daga ƙofar gida zuwa inda mutum yake tsayawa ya huta, a ƙirga motocin da aka ajiye a jere a bakin titi, kowace kusan mita huɗu da rabi, a rubuta minti nawa ya ɗauka da yadda jikinsa ya kasance bayan nan.

Malamai, ku gaya wa mutane cewa bayyana wa hukuma haƙiƙanin larura ba raki ba ne kuma ba butulci ga ni'imar Allah ba. Ku kuma gaya musu cewa ƙara gishiri haramun ne kuma laifi ne a doka. Abin da ake nema gaskiya ce cikakkiya, har da ɓangaren da ake jin nauyin faɗa, irin su yoyon fitsari, rashin iya tsarki ba tare da taimako ba, ko kwana uku ba a yi wanka ba saboda baƙin ciki ya danne mutum. Mace tana da damar neman mace ta tantance ta, a nema tun da wuri.

Kuskuren da ya fi yawa a fom ɗin bita shi ne a rubuta babu canji a wuce. Mai duba takardar bai san ka ba, wataƙila ma rahoton baya bai faɗi rabin abin da ke damunka ba. Ko babu canji, a sake bayyana wahalar dalla-dalla a kowane aiki, da misali na kwanan nan. Littafin kwana bakwai ko goma sha huɗu, inda ake rubuta abin da aka iya da abin da ya gagara kowace rana, yana da nauyi ƙwarai ga cutar da ke tashi tana kwantawa. A haɗa da jerin magunguna, wasiƙun asibiti da takardun sallama. Ba sai an biya likita ya rubuta sabuwar wasiƙa ba: mutum yana da haƙƙin karɓar kwafin bayanan lafiyarsa kyauta, wasu ma suna cikin manhajar hukumar lafiya ta ƙasa, NHS. Kwafi ake aikawa, a riƙe na asali. A rubuta suna da lambar inshorar ƙasa a saman kowane shafi, a ɗauki hoton fom ɗin gaba ɗaya da waya, a karɓi shaidar aikawa a gidan waya, kyauta ce. Wanda ya san yana da kwafi a aljihun tebur ba ya tashi ƙarfe uku na dare yana ƙoƙarin tuno me ya rubuta a shafi na tara.

Wasu za a yanke musu hukunci daga takarda kawai. Wasu za a kira su tantancewa ta waya, ta bidiyo ko ido da ido. Tun watan Satumbar 2024 kamfanoni huɗu ke wannan aiki gwargwadon yanki: Maximus, Capita, Serco da Ingeus. Ana iya zuwa da ɗan rakiya, ana iya neman tafinta, ana iya neman a naɗi sautin zaman, amma duk sai an nema kafin ranar. Wanda Turancinsa na kasuwa ne ya nemi tafintan Hausa, kada ya ji kunya, domin bayanin ciwo ba cinikin tumatir ba ne. Rashin zuwa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba yana iya tsayar da kuɗin, saboda haka in ranar ba za ta yiwu ba a kira a canza, a kuma sani cewa yawanci sau ɗaya ake yarda. Mai tantancewa yana lura da yadda ka tashi daga kujera, yadda ka cire riga, yadda ka zaro kati daga jaka. Kada a yi jarumtar da za a kwana uku ana jinyarta, kada kuma a yi wasan kwaikwayo. Bayan 'yan kwanaki a kira DWP a nemi kwafin rahoton, lambarsa PA4. Ba shi ne hukunci ba, amma galibi hukuncin yana bin sa, kuma ganinsa yana rage tsawon duhun.

Sai jiran kansa, wanda shi ne ainihin abin da ke kwantar da mutane. Zuciyar da ba ta san abin da ke tafe ba takan yi ta maimaita mafi munin labari, jiki kuma ya ɗauka haɗarin ya riga ya iso: bugun zuciya, ƙullewar ciki, gumi, bushewar baki, barci ya ƙaura. Abin da ke taimakawa shi ne a yi wa damuwar iyaka. A ware minti 15 a rana, a ce bayan la'asar, ba dab da kwanciya ba, a zauna da biro a rubuta duk abin da ke cin rai. In tunanin ya zo a wani lokaci, a rubuta kalma ɗaya a ajiye masa har lokacinsa. A sa rana ɗaya a mako ta buɗe wasiƙu tare da wani amintacce, in dai ba a bar ambulan ya wuce kwana biyu ko uku ba a lokacin da ake jiran ranar tantancewa, domin sanarwar takan zo da ɗan gajeren lokaci. A daina leƙa asusun banki sau goma a yini, ranar biya sananniya ce. A fita daga zaurukan Facebook da WhatsApp inda kowa ke zuba labarin yadda aka yanke masa, domin wanda aka sabunta masa lafiya ƙalau ba ya zuwa ya rubuta. In gaba ya faɗi, a shaƙi iska ta hanci a ƙirga huɗu, a fitar a hankali a ƙirga shida, a yi ta yi har minti biyar, tsawaita fitar da numfashi shi ke saukar da bugun zuciya. Goro, kofi da shayi mai kauri duk suna ɗauke da sinadarin da ke ƙara bugun, a rage su, a daina bayan azahar. Firgici mai tsanani yakan lafa cikin minti 5 zuwa 20, amma mai sikila ko ciwon zuciya da ya ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kada ya ce fargaba ce, a kira 999.

Addu'a da zikiri suna sanyaya zuciya, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki. Roƙonmu kada a tsaya a nan, kada kuma a ce wa mai fargaba imaninsa ne ya yi rauni, wannan magana tana rufe bakinsa har abada. In abin ya wuce mako biyu yana hana barci da cin abinci, a raka shi wajen likitan unguwa. A Ingila mutum yana iya miƙa kansa ga sashen NHS Talking Therapies, mai jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa, ba sai likita ya tura shi ba. In an rubuta magani irin sertraline, a sani yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ji amfaninsa, a makon farko ma fargabar tana iya ƙaruwa, kuma ba a yanke shi farat ɗaya. Wanda ya fara cewa gara ma ya huta, ko iyalinsa za su fi jin daɗi ba shi, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kira 111 a zaɓi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ko Samaritans a 116 123 dare da rana, ko 999 in haɗarin ya matso.

Fargabar ba ta banza ba ce, kuma kada a ce wa mutum ai ba komai. PIP ginshiƙi ne da wasu abubuwa suka jingina da shi: alawus ɗin mai kula da majinyaci, fam 83.30 a mako a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 ga wanda ke kula da shi sa'a 35 a mako, motar haya ta tsarin naƙasassu na Motability ga mai babban matakin zirga-zirga, da kariya daga rufin da ake sa wa jimillar tallafin gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. A zauna tun yanzu da takarda a lissafa abin da zai rage in an yanke, a sa kuɗin haya, harajin kansul, wuta da gas a gaba da kowane bashi. A Ingila da Wales akwai tsarin da ke dakatar da masu bin bashi na kwana 60, ta hannun masu ba da shawara irin StepChange. A kira 'yan'uwa a Kano ko Damagaram a gaya musu aiken wata-wata zai iya raguwa. Shugabannin adashe su sassauta. Kwamitocin zakka su tuna cewa mabuƙaci yana iya kasancewa a cikin sahunsu.

In hukunci ya zo ba daɗi, ba a rufe ƙofa ba. Akwai wata ɗaya daga ranar da ke kan wasiƙar a nemi DWP ta sake dubawa, abin da suke kira Mandatory Reconsideration, kuma da dalili mai ƙarfi ana karɓar jinkiri har wata 13. A yi shi a rubuce, aiki bayan aiki: ga makin da aka ba ni, ga wanda ya dace, ga hujja. Kaɗan ne ake canzawa a wannan mataki, kuma a nan mutanenmu suke sarewa su ce haka Allah ya ƙaddara. Alhali mataki na gaba, ɗaukaka ƙara da fom SSCS1 cikin wata ɗaya, kyauta ne, kotun ba ta ƙarƙashin DWP, mutum uku ne ke zama: alƙali, likita da masanin naƙasa, su ne kuma ke kawo tafinta. Shekara da shekaru alƙaluman ma'aikatar shari'a suna nuna kusan biyu cikin uku na ƙararrakin PIP da aka saurara mai ƙara ne ke nasara, a biya shi bashin baya. A zaɓi halartar zaman, ya fi a bar su da takarda. A dai nemi shawara tukuna, domin ana iya sake duba tallafin gaba ɗaya, har ɓangaren da ba a yi ƙorafi a kai ba.

Jita-jita ma tana da nata kason. A watan Maris na 2025 gwamnati ta kawo shawarar cewa sai mutum ya sami maki 4 a aiki guda kafin ya cancanci ɓangaren rayuwar yau da kullum. An cire wannan sashe daga ƙudirin dokar a watan Yulin 2025 bayan 'yan majalisar jam'iyyar Labour da dama sun ƙi, aka miƙa batun ga wani nazarin tsarin PIP da aka ɗora wa minista Stephen Timms jagorancinsa. Saƙonnin murya na wancan lokaci har yanzu suna yawo kamar sabbi. Kafin a tura wa zauren ƙungiya, a duba shafin gwamnati. Mazauna Sikotland kuma nasu daban ne, Adult Disability Payment, dokokin bitarsa ba irin waɗannan ba ne. Mai niyyar zuwa gida ko aikin Hajji ya sanar da DWP in zai wuce mako huɗu. Ana ci gaba da biya har mako 13, ko 26 in magani ya je nema, amma tafiya ana tsakiyar bita ba tare da an bar mai buɗe wasiƙu ba ita ce hanyar da aka fi rasa ranar tantancewa.

Akwai kuma abin da bakunanmu ke yi. Ana ganin baiwar Allah a wajen suna ta yi kwalliya, sai a koma gefe ana cewa ga ta garau tana cin kuɗin gwamnati. Ba a ga maganin da ta sha kafin ta fito ba, ba a ga kwana biyun da za ta yi a kwance ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda irin wannan magana mutane suna daina zuwa masallaci da coci da biki a lokacin bita, suna tsoron a gan su a tsaye, kaɗaicin kuma ya ninka ciwon. PIP ba ya hana aiki, ba ya duba albashi ko ajiya, ba ya hana fita. Muna roƙon a yi huɗuba a kan wannan, a kira shi da sunansa, giba da mummunan zato.

Kowace ƙungiya da kowane masallaci da coci su zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda aka sani da riƙon amana, ba masu kai labari gida-gida ba. Ba a ce su zama lauyoyi ba, kuma kada su karɓi ko sisi. Aikinsu su zauna kusa da mutum ya buɗe ambulan, su rubuta ranar ƙarshe a kalanda, su yi kiran neman ƙarin lokaci, su nemo masa layi wajen masu ba da shawara, su raka shi ranar tantancewa, sannan su riƙa kiransa sau ɗaya a mako har hukunci ya fito. A ba su ɗaki mai ƙofa da na'urar kwafi na sa'a biyu bayan sallar Juma'a ko bayan sujada, a sanar da sunayensu daga mumbari, a kuma liƙa lambobinsu a ɓangaren mata.

Wassalam. Daga 'ya'yanku da ƙannenku masu aikin ba da shawara kan tallafin naƙasa a Birtaniya.